Allurar da ke ƙarya: yadda gejin mai ke lalacewa a motocin a-kori-kura

"Ranka ya daɗe, wallahi ful tanki na sha a Zariya kafin in kamo hanya."

"To ina man ya shiga, Malam? Daga Zariya zuwa Kano ne allura za ta sauka ƙasa da rabi? Ko Hilux ɗin ta koma shan mai da bokiti ne?"

Duk wanda ya taɓa zama a gareji, ko a harabar ma'aikatar da ke da motocin aiki, ya san wannan musun. Maigida na nuna allura, direba na rantsuwa, kuma shaidar da za a yanke hukunci da ita ita ce 'yar siririyar allurar nan da ke kai-komo tsakanin E da F. Wani lokaci direban ne ya zuƙe man ya kai wa 'yan bumburutu, wannan ba abin musu ba ne. Amma wani lokacin shaidar ce maƙaryaciya, sai dai ba wanda ya tsaya ya tambaye ta inda ta samo labarinta.

Allurar dai ba ta taɓa ganin mai ba. Tana zaune a dashbod, tanki yana can ƙarƙashin bodi. Abin da take nunawa labari ne na an ce ka ce, wanda ya bi ta hannu huɗu kafin ya iso ta. A cikin tankin akwai wani ɗan abu mara nauyi da ke iyo a kan mai kamar gorar masunci a kan ruwa, a gareji fulota ake ce masa. An maƙala shi a bakin wani siririn ƙarfe mai kama da hannu. Mai ya ƙaru, gora ta taso, hannu ya ɗaga. Mai ya ragu, gora ta sauka, hannu ya bi ta. A ɗaya ƙarshen hannun akwai wasu ƙananan harsunan ƙarfe da ke goga a kan ɗan katin tangaran wanda bai kai tsawon yatsa ba, an jera masa layukan ƙarfe sirara kamar haƙoran mataji. Inda harshen ya tsaya a kan katin shi ke ƙayyade turjiyar da wutar lantarki za ta gamu da ita. Turjiya kuwa, wadda ake aunawa da om, kamar matse bakin tiyo ne: ka matse ruwa ya ragu, ka saki ya ƙaru. Daga nan waya ta ɗauki saƙon, ta bi gefen ƙarfen da ke ɗauke da motar har zuwa gaba, inda geji, ko kwamfutar mota a sababbin ƙira, za ta fassara shi ta juya allura.

Gora, kati, waya, geji. Ɗaya daga cikinsu ya karkace, labari ya ɓaci. Kuma abin da ya sa matsalar ke wahalar da masu gyara shi ne ko wanne ne ya yi laifin, a fuskar allura ake ganinsa, kuma kusan kamanni ɗaya yake fitowa da shi.

Akwai wani abu da ban cika jin ana faɗa ba, alhali shi ne mabuɗin fahimtar zancen gaba ɗaya: kamfanonin mota ba su yi ittifaƙi a kan yaren da tanki zai yi magana da geji ba. Motocin GM na Amurka, daga 1965 zuwa wajen 1997, sifiri ne ke nufin tanki babu komai, om 90 ke nufin ya cika. Tsofaffin Ford na kafin 1987 akasin haka suke, om 73 babu mai, om 10 cikakke, daga baya kamfanin ya juya lissafin ya koma 16 zuwa 158. Tsofaffin Toyota da yawa wajen om 110 ne idan tanki ya ƙafe, wajen 3 idan ya cika. Gejin da ake sayarwa na kowa-da-kowa kuma galibi 240 zuwa 33 ne. Wannan ba ƙididdigar burge mai karatu ba ce. Datti ko tsatsa a kan kati ko a mahaɗar waya abu ɗaya suke yi a kowace mota, wato ƙara turjiya. A motar da yawan turjiya ke nufin babu mai, allura za ta faɗi ƙasa alhali tanki na da mai: maigida ya zargi direba, ko direba ya yi ta shan man da ba ya bukata. A motar da yawan turjiya ke nufin tanki ya cika, allura za ta hau sama alhali mai na ƙarewa. Cuta ɗaya, ƙarya iri biyu. Ta farko tana jawo ɓacin rai, ta biyu tana kwantar da mutum a daji.

An ga ta biyun ƙarara a Amurka a watan Mayun 2004. Man fetur da ya fito daga matatar kamfanin Motiva da ke Norco a jihar Luwiziyana ya zo da farar wuta, wadda masana ke kira salfa, fiye da kima. Aka dakatar da sayar da mai a ɗaruruwan gidajen mai na Shell da Texaco a yankin Niyu Olins da jihar Fulorida, ana shirin dogon hutun ƙarshen wata lokacin da jama'a ke tafiye-tafiye. Injin motocin lafiya lau yake aiki da man. Abin da ya lalace geji ne. Layukan da ke kan katin nan akwai azurfa a cikinsu, kuma duk macen da ta taɓa ajiye zobe ko warwaron azurfa ta san yadda yake yin baƙi. Wannan baƙin haɗuwar azurfa da farar wuta ne, kuma ba ya barin wuta ta wuce yadda ya kamata. Dubban mutane suka kai ƙorafi, da yawansu mota ta mutu musu a kan titi allura na nuna akwai mai. Kamfanin ya ɗauki nauyin gyara.

Abin da ya kai ni ga wannan labarin shi ne irin man da muka daɗe muna sha a nan. Shekara da shekaru dokar Najeriya ta yarda da farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan a man dizal, da 1,000 a fetur, a daidai lokacin da Turai ta tsaya a kan 10. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta gwada man da ake sayarwa a ƙasashen Afirka takwas, har da Gana da Binin da Mali, ta tarar da dizal ɗin da farar wutarsa ta ninka ƙa'idar Turai sau 378. Sai a 2020 ECOWAS ta amince a sauko zuwa 50. Amma kada a yi saurin ɗora komai a kan wannan. Ba kowace farar wuta da ke cikin mai ce ke cin azurfa ba. Mafi yawanta a ɗaure take cikin wasu sinadarai, illarta a hayaƙi da huhun mutane take fitowa. Wadda ke cin kati ita ce sakakkiya, kuma 'yar kaɗan ta isa ta yi ɓarna. Abin da za a iya cewa shi ne motar da ke shan mai yau a wannan gidan mai, gobe a jarkar bakin hanya, jibi a durom ɗin wani ƙauye, katinta na wanka da abubuwan da injiniyan da ya zana shi bai lissafa da su ba. Ba a manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwaf ta Beljiyam, aka yi makonni ana layi a gidajen mai. Irin wannan gurɓataccen man robobi da fulota yake taɓawa. Sannan ga ruwa da laka da ke kwanciya a gindin tanki, ga kuma motocin ma'aikatu da ake jinginewa wata shida ba a tayar ba har fetur ya tsufa ya bar danƙo a kan kati.

Sai dai ni a ganina, abin da ya fi cin katin nan a 'yan shekarun nan ba sinadari ba ne, aljihu ne. Harshen ƙarfen ba ya hutawa muddin mota na tafiya. Mai na tangaɗi, gora na rawa, harshe na goga gaba da baya a daidai wurin da man ya tsaya. Motar da ake cika wa tanki a bar shi ya sauka sannan a sake cikawa, gugar na rarrabuwa a kan katin duka. Motar da kullum ake ba ta na dubu goma, harshen na nan a wuri guda, tsakanin kwata da ja, yana sassaƙar layuka huɗu ko biyar har su shafe. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Tankin Hilux lita 80 yake ɗauka. A wannan farashin, cika shi sau ɗaya ya fi mafi ƙarancin albashin wata na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Wa zai ga laifin wanda ke zaune a kan rizab? Amma sakamakon shi ne geji na mutuwa daidai inda aka fi bukatarsa. Alamar irin wannan lalacewar a bayyane take ga mai lura: daga ful zuwa rabi allura na tafiya daidai, da ta iso wani wuri sai ta faɗi ƙasa gaba ɗaya ko ta yi tsalle, a wuce wurin kuma ta dawo hayyacinta.

Gorar ma tana da nata. Ta tsofaffin motoci ta tagulla ce mai rami a ciki, idan ta tsage mai ya shiga sai ta nutse, allura ta kwanta a E har abada. A ciro ta a girgiza kusa da kunne, za a ji man na motsi. Ta zamani ta wata irin roba ce mai kumfa, ba ta cika fashewa ba amma takan jiƙe ta yi nauyi, ko ta zame daga hannun ta yi ta yawo a tanki.

Akwai kuma inda gora lafiya, kati lafiya, tankin ne da kansa ya canja siffa. A watan Maris na 2010 kamfanin Nissan ya kira motoci sama da 400,000 su dawo a gyara musu geji, ciki har da a-kori-kura ƙirar Titan da Frontier. A ɓangaren Frontier, bayanin da aka bayar shi ne tankin roba na iya lanƙwashewa har hannun fulota ya tokare da wani tudu a jikinsa, ya kasa sauka. Allura ta tsaya a kwata, tanki kuwa babu ko ɗigo. Wannan a motar da ta fito daga masana'anta ke nan, tana tafiya a kan kwalta mai laushi. To ina ga a-kori-kurar da ke shiga gona da kwazazzabo, wadda dutse ya daki ƙasan tankinta ya loɓa shi sama? Loɓawar na rage abin da tanki ke ɗauka, tana iya tare hannun, kuma ba mai ganinta sai wanda ya kwanta a ƙasan motar. Haka idan ƙofar shaƙar iskar tanki ta toshe da laka: famfo na zuƙar mai, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, tanki ya tsotse kansa ciki.

Waya ita ce aka fi rainawa, kuma a a-kori-kura ita ce ta fi shan wuya. A ƙaramar mota wayoyin a cikin ɗaki suke bi, ƙarƙashin kafet. A a-kori-kura a waje suke, suna shan ruwan damina da ƙurar hunturu da haƙoran ɓera, ga girgiza tsakanin kan mota da bodi. Mahaɗar da ke saman tanki na tara laka, ƙusoshinta su yi kore. Wayar nagetif da ke komawa jikin ƙarfen mota ta yi tsatsa a inda aka ɗaure ta. Idan ka ga allurar mai na motsi lokacin da aka kunna fitila, ko aka taka birki, ko aka sa sigina, kada ka kusanci tanki tukuna, wannan kukan nagetif ne. Ga kuma aikin hannunmu: an ƙara fitilu, an sa jiniya, an sa na'urar bin sawun mota, kowane mai wayarin ya fere waya ya ɗaura tasa ya naɗe da salatif. Abin dariya, wata na'urar da maigida ya sa don ta kama ɓarawon mai, idan aka jona ta ba daidai ba a kan wayar fulota, ita ce za ta karkatar da karatun da ake son tsarewa.

Na huɗu shi ne gejin kansa. A tsofaffin motoci wani ɗan ƙarfe ne da wuta ke ɗumamawa ya lanƙwashe ya ja allura, shi ya sa take hawa a hankali bayan an murɗa makulli. Irin wannan yakan raba na'urar daidaita wuta guda da gejin zafin inji, don haka idan su biyun suka haukace tare, ba tanki ba ne, ba kuma lagireto ba. A na zamani wata 'yar ƙaramar na'urar lantarki mai haƙora ce ke juya kowace allura bisa umarnin kwamfuta. Chevrolet Silverado da GMC Sierra na 2003 zuwa 2006 sun yi suna wajen mutuwar waɗannan, allura ta maƙale ko ta zarce ta wuce F ta leƙa inda ba rubutu. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa: an sauke tanki, an sayi sabon famfon mai da fulotarsa, allura na nan inda take.

Kafin a kai ga gyara, akwai halayen geji da ba cuta ba ne, kuma su ma sun haddasa rigima. Tankin a-kori-kura dogo ne siriri, a kwance tsakanin ƙarafan ƙasa, ga lunguna da aka yi masa don ya kauce wa wasu sassa. Gora kuwa tsayin mai take aunawa, ba yawansa ba. Idan an cika tanki har wuya, gora na danne a sama, sai an ƙona lita da dama kafin ta fara sauka. Shi ya sa rabin farko ke daɗewa, rabin biyu ya zube kamar ana kwasa. A tsayar da motar a gangare, ko a lafta mata buhu ashirin bayanta ya zauna, karatu ya canja ba tare da an taɓa ko cokali ba. Sannan kwamfuta da gangan take jinkirta allura don kada ta yi ta rawa a kowane rami. A wasu motocin idan aka sha mai inji na aiki, allura kan ɗauki mintuna kafin ta yarda an ƙara, har a fara yi wa yaron gidan mai kallon ɓarawo. Masu tanki biyu kuma, irin tsofaffin Ford F-150 da F-250 da wasu Land Cruiser a-kori-kura da ke ratsa hamada daga Agadas zuwa Dirku, kowane tanki da gorarsa, ga na'urar da ke sauya layi tsakaninsu. Nan hanyoyin ruɗewa sun ninka.

Mutane da yawa na cewa ai geji ba ya hana mota tafiya. Gaskiya ne, shi ya sa ake barinsa shekara guda a lalace. Gejin da ya mutu murus ma bai cika cutar da kowa ba, don direba ya san ba shi da shi, yana lissafi da kansa, yana ajiye jarka. Mugun shi ne mai gaskiya yau, ƙarya gobe. A Hilux mai fetur, famfon mai a cikin tanki yake, man da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi yana kuma yi masa maiƙo. Duk ranar da aka bari ya zuƙi iska, an rage masa kwana. A mai dizal abin ya fi tsada. Idan ta sha iska sai an yi ta danna ɗan famfon hannun da ke kan filta kafin ta tashi, kuma babban famfon da ke matsa mai zuwa nozul, wanda a injinan zamani ke aiki da matsin da ya haura na iskar da muke shaƙa sau 1,500, da dizal ɗin kansa yake samun maiƙo. Kuɗinsa ya sayi fulota da yawa. Wannan duk lissafin kuɗi ne. Akwai hanyoyin da tsayawa a kansu bayan la'asar ba maganar kuɗi ba ce, wanda ke bin Birnin Gwari ko tsakanin Damaturu da Maiduguri ba ya bukatar a yi masa bayani. Motocin da ke bin irin waɗannan hanyoyin kuwa, na asibiti da na masu rigakafi da na jami'an tsaro da na 'yan kasuwar hatsi, mafi yawansu a-kori-kura ne.

Wajen gyara, ƙa'idar da nake ganin ta fi ita ce a fara da abin da ba ya bukatar sauke tanki. A yawancin ƙananan motoci akwai ƙofa a ƙarƙashin kujerar baya, minti goma an ciro fulota. A-kori-kura ba ta da wannan gatan: ko a sauke tanki, ko a kwance bodi a ɗaga shi. Aikin yini ne, kuma wanda ya sha wannan wahalar ba ya son ya mayar da tanki bai canja komai ba, ko da abin da ya ciro lafiyarsa ƙalau. Don haka a fara sa wa motar kwamfuta idan ta zamani ce. Cikin lambobin matsala da kwamfutar ke fitarwa, P0460 zuwa P0464 duk na layin gejin mai ne: P0462 na cewa saƙon ya yi ƙasa fiye da kima, P0463 ya yi sama, P0461 na cewa karatun bai yi daidai da tafiyar da aka yi ba, P0464 kuma yana zuwa yana ɗaukewa. Amma lambar layi take nunawa, ba ta ce kati ne ko waya ba. Abin da ya fi lambar amfani shi ne a duba kashi nawa cikin ɗari kwamfutar ke gani a tanki, a gwama da allura. Kwamfuta ta ce 70, allura ta ce kwata, laifin na dashbod. Su biyun suka yi ƙarya iri ɗaya, a koma wajen waya da tanki. A zare mahaɗar saman tanki idan hannu na kaiwa, a ga ko allura ta gudu ƙarshe guda, a duba tsatsa, a auna nagetif. Sai duk wannan ya fita daga zargi sannan a taɓa tanki.

Idan an ciro fulota da katinta, kada a tsaya ga kallo. A sa mita a kan om, a ɗaga hannun a hankali daga ƙasa har sama. Lamba ta riƙa tafiya a jere, kati na da rai. Ta yi tsalle ko ta ɓace a wani wuri, nan ne ya cinye. Idan baƙi ne kawai ya rufe layukan, ana iya gogewa a hankali da abin wanke mahaɗar lantarki. Akwai ma magungunan zubawa a tanki da ke wanke baƙin farar wuta, GM ta taɓa ba dillalanta shawarar gwada irinsu. Amma magani ba ya mayar da ƙarfen da ya shafe, kuma samfefa a kan katin nan kashe shi ne gaba ɗaya. Lanƙwasa hannu don allura ta "zauna daidai" ma dabara ce da ke gyara ƙarshe ɗaya ta ɓata ɗayan.

Wani zai tambaya, ta yaya ake sa wutar lantarki tana goga a cikin fetur ba ta tashi ba? Wutar kaɗan ce ƙwarai, sannan tururin fetur ba ya kamawa sai yana tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iska. A rufaffen tanki ya wuce haka nesa, iskar ba ta isa ba. Haɗarin na farawa ne da zarar an buɗe, kuma tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari. Saboda haka masu yanka ƙofa a bodi da injin yankan ƙarfe don gudun sauke tanki, tartsatsi na zuba a kan tiyon mai, da ransu suke wasa. A cire kan batir, a yi aikin a fili, mai sigari ya matsa can.

Sai sayen kaya, inda ake yawan komawa gidan jiya. Hilux ɗin da ke yawo a titunanmu ba daga wuri ɗaya suka fito ba: akwai ƙirar Tailan, akwai ta Afirka ta Kudu, akwai wadda aka yi wa kasuwar ƙasashen Larabawa, ga Tacoma da Tundra da Frontier 'yan gwanjon Amurka. A Ƙofar Ruwa ko Fanteka ko Ladipo za a miƙo maka wanda ya shiga ramin tankinka daram, amma tsawon hannunsa ko yaren om ɗinsa na wata motar ne. Sakamakon sabon kaya mai sabuwar ƙarya, wani lokacin ma allura ta riƙa tafiya a juye, a cika tanki ta nuna E. A je da tsohon a hannu, a jera su, a auna duka biyun da mita a gaban mai shago, sama da ƙasa. Na gwanjo kuma a tuna shi ma wani ya goge shi shekara goma a wata ƙasa. A motoci da yawa ana sayar da katin da hannunsa daban, ba dole sai an sayi famfo gaba ɗaya ba, ko da yake idan famfon ya tsufa kuma tanki na ƙasa, canja su tare ya fi sauke tanki sau biyu. A sa sabuwar robar bakin tanki, tsohuwar ba ta komawa daidai.

Tsofaffin direbobin Fijo 404 da 504 sanda suke zurawa a tanki su ciro su duba, gani ya kori ji. Wuyan tankin zamani a murɗe yake, sanda ba ta shiga, amma akwai abin da ya maye gurbinta, wato ma'aunin kilomita na tafiya. A cika tanki har bindigar gidan mai ta katse da kanta, a mayar da ma'aunin sifiri, a sake cikawa a gaba a rubuta lita nawa ta sha a kilomita nawa. Sau uku ya isa a san cikin motar. Idan a misali tana shan lita 12 a kilomita 100, tafiyar Kano zuwa Maiduguri mai kusan kilomita 600 za ta ci sama da lita 70 cikin 80, kuma da lodi ko yashi ko na'urar sanyaya ɗaki lissafin zai haura. Wannan littafin ne ya kamata maigida da direba su buɗe ranar da aka yi musu, rasit da kilomita, ba allura ba.

Ranar da aka gama gyara kuma, kafin a bar gareji da murna, a tafi gidan mai da tanki kusan babu komai, a tsaya a wuri mai lebur. A sha lita 20, a kashe mota a kunna, a jira allura ta zauna, a ɗauki hotonta da waya. A ƙara 20, a sake ɗauka, haka har tanki ya cika. Hotuna huɗu ke nan, a tura wa Alhaji nasa, direba ya riƙe nasa.